Me Ya Sa Kwamfuta Ke Kasa Karanta Lambar Da Ido Ke Gani Sarai?

Fayil ɗin rubutu ba ya ɗauke da adadi ko ɗaya, komai yawan alƙaluman da aka cika shi da su. Abin da ke cikinsa jerin alamomi ne, wata bayan wata, kuma a wurin kwamfuta alamar 7 ba ta fi harafin k ko waƙafi daraja ba. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963 kuma har yau shi ne tushen adana rubutun boko a kwamfuta, kowace alama tana da lambar da ke wakiltarta. Sifili 48 ne, ɗaya 49, haka har zuwa tara da ke kan 57. Idan aka rubuta 250 a fayil, abin da aka adana shi ne 50 da 53 da 48. Kafin a iya tara wannan 250 da wani adadi ko a raba shi, dole manhaja ta bi alamomin ɗaya-ɗaya, ta cire 48 daga kowace, ta riƙa ninka abin da ke hannunta sau goma kafin ta ƙara na gaba, har ta gina adadin da ake nufi. Wannan juya rubutu zuwa adadi aiki ne da ake koya wa ɗalibi a makonnin farko, amma yana cikin wuraren da manhajoji suka fi yin tuntuɓe.

Maganar ta shafi har wanda bai taɓa rubuta manhaja ba. Jerin albashin ma'aikata, sakamakon jarrabawa, bayanin shige da ficen kuɗi a asusun banki, ƙididdigar marasa lafiya a asibiti, duk sukan yi ƙaura daga wata manhaja zuwa wata a cikin fayil ɗin rubutu. Wanda aka fi amfani da shi shi ne CSV, inda kowane layi ke ɗauke da bayanin mutum ɗaya ko kaya ɗaya, waƙafi kuma na raba gurbi da gurbi. Manhajar da ta rubuta fayil ɗin da wadda za ta karanta shi galibi ba mutum ɗaya ya haɗa su ba, wani lokaci ma ba a ƙasa ɗaya ba, kuma kowace tana da nata zato game da yadda lamba take. A tsakanin zaton nan biyu matsala ke tsirowa. Masu sana'ar suna kiran irin wannan aibi da kalmar Turanci mai nufin ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, amma ta ƙara shahara bayan da aka ciro wani ƙwaro na gaske daga cikin na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard a 1947, aka liƙa shi a littafin aikin ranar.

Kuskuren da ke ihu da wanda ke yin shiru

Idan manhaja ta ci karo da abin da ba lamba ba, hanyoyi biyu ne a gabanta, kuma yarukan rubuta manhaja sun rabu a kan wadda suke bi. Python da Java suna tsayawa cak. Aka ba Python rubutun 12kg aka ce ta mayar da shi adadi, sai ta jefo saƙon ValueError tare da rubutun da ya gagare ta. Java kuma ta jefo NumberFormatException. Sabon shiga yakan ji haushin jajayen saƙonnin nan, alhali su ne gatansa, domin sun nuna masa wurin ciwon tun kafin ya ruɓe.

Ɗaya hanyar ita ce yin shiru. A yaren C akwai tsohon umarni mai suna atoi, wanda ke karanta alƙaluma har ya iske abin da bai gane ba, sai ya tsaya ya miƙa abin da ya samu. Daga 12kg zai ba da 12. Daga kalmar babu zai ba da sifili, ba tare da wata alama da ke bambanta wannan sifilin da na gaskiya ba. A JavaScript, umarnin parseInt yana karɓar 1,250 ya dawo da 1, parseFloat ya karɓi 3,75 ya dawo da 3, shi kuwa Number idan aka ba shi gurbin da babu komai a ciki sai ya ce sifili ne. Manhajar ta gama aikinta lami lafiya, rahoto ya fito tsaf, a cikinsa kuwa ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba an rubuta ya ci sifili, kayan naira 1,250 sun koma na naira ɗaya. Irin wannan kuskure kan yi watanni ba a farga ba, kuma galibi wanda ya fara ganinsa shi ne wanda aka zalunta. Shi ya sa gogaggun masu rubuta C suke barin atoi su ɗauki strtol, wanda ke faɗin daidai wurin da ya daina karantawa, ta yadda za a iya dubawa ko ya kai ƙarshen gurbin ko ya tsaya a hanya.

Alamomin da ido ba ya gani

Ƙorafin da aka fi ji daga mai farautar irin wannan aibi shi ne: ga lamba nan ƙarara, 45, amma manhaja ta ce ba lamba ba ce. Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kullum akwai wata alama manne da lambar wadda allon kwamfuta ba ya nunawa.

Ta farko gado ce daga zamanin na'urorin aika saƙo masu buga rubutu a takarda, waɗanda ke buƙatar umarni biyu a ƙarshen kowane layi: ɗaya ya mayar da kan na'urar farkon layi, ɗaya ya tura takarda sama. Windows ta riƙe duka biyun, lamba 13 da lamba 10, yayin da Linux da macOS ke amfani da 10 kaɗai. Fayil ɗin da aka rubuta a Windows aka karanta a Linux kan bar wannan 13 liƙe da gurbin ƙarshe na kowane layi. Python takan share ta da kanta lokacin juya lamba, amma Integer.parseInt na Java ba ya yafe ko tazara ɗaya. Abin da ke ƙara rikita mai bincike shi ne, idan manhaja ta buga saƙon kuskure mai ɗauke da wannan alama, sai alamar ta yi aikinta na asali, ta mayar da rubutu farkon layi, ƙarshen saƙon ya hau kan farkonsa ya rufe shi.

Ta biyu tana zama a goshin fayil. Wasu manhajojin Windows, har da Excel idan aka zaɓi adana CSV a tsarin UTF-8, suna sa bayit uku, wato lambobi uku da allo ba ya nunawa, a farko, 239 da 187 da 191, don sanar da tsarin rubutun. Manhajar da ba ta san da su ba sai ta haɗa su da gurbin farko na layin farko. Python tana da maganin wannan: a buɗe fayil da sunan tsarin utf-8-sig, sai ta tsallake su. Akwai kuma fayil ɗin da aka adana a tsarin UTF-16, inda kowane harafin boko ke cin bayit biyu, ɗayansu sifili. A yaren C sifili na nufin rubutu ya ƙare, don haka 250 kan koma 2.

Daga nan ake samun wata dabara mai sauƙi: wurin da kuskuren ke faɗowa yana tona asalinsa. Idan layin farko kaɗai ke gagara, a zargi bayit ukun nan, ko kuma layin kanun ginshiƙai da aka manta ba a tsallake ba. Idan ginshiƙin ƙarshe ne ke gagara a kowane layi, alama ta 13 ce. Idan kuwa layin ƙarshe kaɗai ne, mai yiwuwa layi ne da babu komai a ciki, ko layin jimla da wani ma'aikaci ya ƙara a ƙasa.

Sannan ga alamomin da ake gani amma kama ta ruɗi ido, kama da wane kuwa ba ta wane. Babban harafin O da sifili, ƙaramin harafin l da ɗaya, suna yawan musanya a fayil ɗin da aka buga da hannu ko aka ciro daga hoton takarda. Alamar debewa kanta iri-iri ce: akwai karan ɗori na allon madannai mai lamba 45, wanda shi kaɗai yawancin yaruka suka yarda da shi, akwai alamar debewa ta masana lissafi, akwai kuma dogon karan da manhajar rubuta wasiƙa kan sauya da kanta. Tazarar da aka kwafo daga shafin intanet sau da yawa ba tazara ta yau da kullum mai lamba 32 ba ce, wata ce mai lamba 160 da ke hana layi karyewa. Wanda ya saita wayarsa da allon madannai na Larabci, kamar yadda Hausawan Sudan da masu rubutun ajami da yawa suke yi, yana iya shigar da alƙaluman Larabci na gabas. Python da Java suna karanta su daidai, C da JavaScript ba sa gane su.

Waƙafi a Katsina, waƙafi a Maraɗi

Babu abin da ya kai waƙafi da ɗigo haddasa ɓarna a wannan fage, kuma ƙasar Hausa na zaune daidai kan iyakar al'adun rubutu biyu. Najeriya da Ghana sun gaji tsarin Ingila: waƙafi na raba dubbai, ɗigo na raba cikakken adadi da ɓangarensa, wato 1,250.50. Nijar da Chadi sun gaji na Faransa: tazara na raba dubbai, waƙafi kuma na yin aikin ɗigo, wato 1 250,50. Jamus na rubuta adadin nan 1.250,50, Suwizalan kan sa ɗan waƙafi a sama tsakanin dubbai, Indiya kuma na rubuta dubu ɗari 1,00,000.

A ɗauka ɗan kasuwa a Maraɗi ya aika wa abokin cinikinsa na Katsina fayil mai ɗauke da nauyin kaya, a wani gurbi an rubuta 1,250. Mai aikawa na nufin tan ɗaya da kwata. Manhajar mai karɓa za ta karanta tan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Duka karatun biyu halastattu ne, babu saƙon kuskure da zai fito, kuma babu wata hikima da za ta sa manhaja ta gane wanne ake nufi daga wannan gurbi shi kaɗai. Da gurbin ya ce 1,25 ko 1,250.50, da siffarsa ta tona tsarin. Alƙaluma uku bayan waƙafi su ne tarkon.

Matsalar ba ta tsaya nan ba, domin waƙafin da ke cikin lamba shi ne kuma ke raba gurabe a CSV. Layin da ya ƙunshi suna da 1,250 da kwanan wata sai ya tashi daga gurbi uku ya koma huɗu, komai ya gusa gefe, kwanan wata ya faɗa inda ba nasa ba. Takardar RFC 4180 ta 2005, wadda ta tsara yadda aka saba rubuta CSV, ta ce duk gurbin da ke da waƙafi a ciki a kewaye shi da alamar zancen wani. Manhajar da aka rubuta cikin gaggawa, mai yanka layi duk inda ta ga waƙafi, ba ta mutunta wannan doka. Shi kuwa Excel da aka saita da Faransanci yana kauce wa rikicin ta hanyar raba gurabe da waƙafi mai ruwa, sai fayil ɗinsa ya isa kwamfutar da aka saita da Turanci ya zube gaba ɗaya a ginshiƙi ɗaya. Tazarar da ke raba dubbai a tsarin Faransa ma yawanci irin wadda ba ta karyewa ce, don haka umarnin share tazara na yau da kullum ya wuce ta bai taɓa ta ba.

Mafi wahalar ganowa shi ne lokacin da manhajar kanta ke sauya hali gwargwadon kwamfutar da take kai. Scanner na Java, strtod na C da double.Parse na C# duk suna iya duba saitin yare da ƙasa kafin su yanke abin da ɗigo ke nufi. A kwamfutar da aka saita da Jamusanci, double.Parse kan karanta 1.5 a matsayin 15, domin ya ɗauki ɗigon a matsayin mai raba dubbai. Daga nan ake samun gardamar da ta zama ruwan dare a ofisoshi, mai manhaja na rantsuwa cewa a kwamfutarsa komai lafiya, mai amfani da ita na rantsuwa cewa ba ta aiki, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Maganin shi ne a faɗa wa manhaja tsarin da fayil ɗin ke bi a fili, kada a bar ta ta ɗauko daga saitin na'ura.

A nan ya kamata a yi kashedi game da wani gyara da ke da farin jini saboda sauƙinsa: a share duk abin da ba alƙalami ba sannan a juya. Yana cire alamar naira, ko harafin N da mutane kan sa a madadinta, yana cire FCFA, kuskuren ya ɓace daga allo. Amma yana mayar da 1,5 ya zama 15, yana mayar da 12-15 ya zama 1215, kuma adadin da akanta ya sa cikin baka biyu kamar (500) don nuna asara ya koma riba. Wannan gyara ya ɗauki kuskure mai ihu ya toshe masa baki ne kawai, kuma bai cancanci shiga manhajar da ke taɓa kuɗin mutane ba.

Abin da ya yi kama da adadi

Lambar waya, lambar asusun banki, lambar shaidar ɗan ƙasa, lambar jarrabawa, duk alƙaluma ne amma sunaye ne. Gwajin mai sauƙi ne: in tara biyu daga cikinsu ba shi da ma'ana, to a bar su a matsayin rubutu. Lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce mai farawa da sifili, lambar asusu ta NUBAN kuma 10 ce, da yawa daga cikinsu da sifili a gaba. Da zarar an juya su adadi sifilin ya tafi, domin adadi ba ya riƙe sifilin gaba. Wasu yarukan ma suna ba sifilin wata ma'ana dabam, su ɗauka lambar a tsarin ƙirga na takwas-takwas take. A irin wannan karatu 010 takwas ne, 08 da 09 kuwa ba su halatta ba. Shi ya sa ake samun manhajar da aka rubuta da yaren Bash da ke sarrafa kwanan wata lafiya lau daga Janairu zuwa Yuli, ta faɗi ranar da Agusta ya kama.

Excel na da nasa halin. Alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, saboda haka lambar katin banki mai alƙaluma 16 na rasa na ƙarshe, ya koma sifili. Lambar waya mai farawa da 234, mai alƙaluma 13, yakan nuna ta a taƙaice kamar 2.35E+12, kuma idan aka sake adana fayil ɗin a CSV, taƙaitaccen ne ke shiga, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. Lambar kaya irin 12E5 yakan ɗauke ta a matsayin 12 da sifili biyar, wato 1,200,000. Masana ƙwayoyin gado sun sha wannan wuya shekaru: sunaye irin SEPT2 da MARCH1 suna komawa 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani nazari da aka buga a mujallar Genome Biology a 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da ke da jerin ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sanar da sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1. Darasin aiki a nan shi ne, buɗe CSV a Excel don a leƙa kawai, sannan a danna adanawa, ya isa ya lalata shi. Bincike a kan kwafi ake yi.

Wani lokaci lambar daidai take, mazubin ne ya yi mata kaɗan. Ma'ajiyar cikakken adadi mai bit 32, wadda yaruka da yawa ke bayarwa in ba a nemi wata ba, iyakarta 2,147,483,647. Ranar 1 ga Janairun 2022, saƙonnin imel suka maƙale a kamfanoni da ma'aikatu masu amfani da Microsoft Exchange a sassan duniya. Ɓangaren da ke tace ƙwayoyin cutar kwamfuta yana karanta lambar sabuntawa da aka gina daga shekara da wata da rana. Duk lambobin 2021 sun fara da 21, sun shiga mazubin. Ta sabuwar shekara ita ce 2201010001, ta zarce iyakar, juyawar ta gagara, saƙonni suka tsaya a layi.

Adadi mai ɗigo kuma yana da nasa ciwon. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan kowace kwamfuta ke bi, tana adana shi a tsarin biyu-biyu, inda 0.1 ba shi da cikakken wakili, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a tsarin goma. Tara 0.1 da 0.2 a Python ko JavaScript na ba da 0.30000000000000004. Karatun fayil ɗin bai yi laifi ba a nan, amma wanda bai sani ba zai ɓata yini yana zarginsa. Kuɗi dai an fi so a riƙe shi a kwabo, cikakken adadi, ko a nau'in ma'ajiya ta goma-goma irin Decimal. Su kansu manyan yarukan ba su tsira ba: a farkon 2011 aka gano cewa rubutun 2.2250738585072012e-308 na jefa Java cikin zagayen da ba ya ƙarewa, wata lamba makusanciyarta kuma na yi wa PHP haka, har ana iya daskarar da shafin intanet ta hanyar aika masa wannan lamba kawai. Oracle ta fitar da gyara a watan Fabrairun shekarar.

Akwai kuma laifin da ke cikin yadda manhaja ke tafiya a fayil ɗin. A C++ ɗalibai kan rubuta zagayen da ke tambaya ko fayil ya ƙare kafin ya karanta, alhali ba a sanin ƙarshe sai karatu ya gagara, sai zagayen ya yi juyi ɗaya fiye da ƙima, adadin ƙarshe ya shiga lissafi sau biyu. A Java, nextInt na ɗauke lamba ya bar alamar ƙarshen layi, sai nextLine da ke biye ya dawo hannu wofi. Tsofaffin fayilolin da ba su da waƙafi, masu ware wa kowane gurbi tsayayyen faɗi, suna da tarko na musamman ga Hausa: a UTF-8 kowane ɗaya daga ɓ da ɗ da ƙ bayit biyu ne, don haka manhajar da ke ƙirga bayit za ta gusa da wuri ɗaya a duk layin da sunan mutum ke da harafi mai lanƙwasa, ta yanke alƙalami daga adadin da ke gaba. Hamzar da ke cikin suna irin Sa'idu ma, wasu manhajoji kan ɗauke ta a matsayin buɗe zancen wani, su haɗiye gurabe har su iske wata.

Yadda ake farautar

Gani ya kori ji, kuma matakin farko shi ne a daina yarda da abin da allo ke nunawa a duba ainihin bayit. A Linux da macOS akwai hexdump da xxd da od, a Windows kuma Notepad++ na da zaɓin nuna dukkan alamomi. A cikin Python, umarnin repr na fito da ɓoyayyun alamomi a fili. Minti biyu na wannan dubawa kan warware abin da awa uku na hasashe bai warware ba. Mataki na biyu shi ne a koya wa manhaja yin ƙorafi mai amfani: sunan fayil, lambar layi, sunan ginshiƙi, da ainihin rubutun da ya gagara a tsakanin alamomi biyu don a ga tazarar da ke gefensa. Saƙon da ya ce an samu matsala kawai bai taimaki kowa ba, mafi muni kuma shi ne kama kuskuren a yi shiru a wuce layi na gaba.

Idan fayil ɗin babba ne kuma ba a san layin ba, sai a raba shi biyu a gwada kowane rabi, a sake raba wanda ya gagara. Fayil mai layi miliyan ɗaya, rabawa ashirin ta isa ta kai ga layi guda. Wannan layi kuma ba a yar da shi bayan gyara. Ajiye shi ake yi cikin gwaje-gwajen manhajar, tare da 'yan'uwansa: gurbi wofi, adadi mai debewa, sifili a gaba, adadi mafi girma da ake tsammani. Gurbi wofi na buƙatar hukunci tun farko, domin mutane na cike shi da abubuwa iri-iri, karan ɗori ko N/A ko babu, tsofaffin ma'ajiyun bayanan kimiyya kuma kan sa -999, wanda in ya shiga lissafin matsakaici sai ya ja shi ƙasa ba a sani ba.

Kuskure mai shiru kuwa ba ya kamuwa sai da dabarar da akantoci suka daɗe da ita, wato daidaita lissafi. Layi nawa suka shigo, nawa aka karɓa, nawa aka ƙi, kuma jimlar kuɗin ta yi daidai da wadda mai aikawa ya faɗa? Layukan da aka ƙi a zuba su a fayil na dabam don mutum ya duba. A sa wa kowane ginshiƙi iyaka ta hankali, ta yadda makin jarrabawa 740 ko shekarun haihuwa 300 za su tayar da ƙararrawa. Lambar NUBAN da ta katin banki suna ɗauke da alƙalamin tantancewa a ƙarshe, wanda ake lissafowa daga sauran, kuma duba shi na kama yawancin kuskuren bugawa. Rashin ƙirga layi ya yi wa Ingila tsada a lokacin korona: tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon mutum 15,841 da suka kamu bai shiga ƙididdigar hukumar lafiyar jama'a ba, domin ana zuba fayilolin CSV na ɗakunan gwaji a tsohon tsarin Excel mai iyakar layi 65,536, abin da ya haura sai ya zube. An yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi mu'amala da su ba.

Saura nau'i ɗaya wanda duk wannan bincike ba ya kamawa, inda aka karanta kowane alƙalami daidai amma ma'aunin ya bambanta. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, don haka mai tattara farashi da ya ji dala ɗari ya rubuta 100 a ginshiƙin da ake tsammanin sefa ya rage kuɗin sau biyar. Naira da kwabo, mudu da kilo, buhu da tan, duk haka suke. Alƙaluma ba sa faɗin ma'auninsu. Dole a rubuta shi a kan ginshiƙi ko a takardar da ke rakiyar fayil, mai karɓa kuma ya karanta. Kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ya faɗa wannan rami. Manhajar kamfanin Lockheed Martin na rubuta ƙarfin tunkuɗar injinan kumbon a fayil da ma'aunin fam, manhajar masu tuƙa shi kuma na karanta lambobin a matsayin ma'aunin newton, bambancin da ya kai ninki 4.45. An yi watanni ana karanta fayilolin ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba. Ranar 23 ga Satumban 1999 kumbon ya kusanci duniyar Mars ƙasa da tsayin da aka tsara masa, ya shige bayanta, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.